Tashar Musashi-Kosugi: wa ya jawo cunkoson, kamfanin jirgi ko masu tsara birni?

Malam Habu Rigasa

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga 'yan'uwanmu mazauna Japan ce, musamman Injiniya Bala da na ji an ce yana Kawasaki. An turo mini wani bidiyo da aka ɗauka da safe a wata tashar jirgin ƙasa mai suna Musashi-Kosugi, inda ma'aikata sanye da kwat suka yi dogon sahu har bakin titi, kuma wanda ya turo ya ce duk jiran da suke yi na samun shiga cikin tashar ne kawai, jirgin ma tukuna. Abin ya ɗaure mini kai, domin duk lokacin da ake neman misalin ƙasar da ta iya tsara sufuri, Japan ake fara ambata. Shin bidiyon gaskiya ne? Idan kuma gaskiya ne, a wuyan wa alhakin yake?

Injiniya Bala

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Bidiyon gaskiya ne, sai dai ya kwana biyu, domin wajen 2017 zuwa 2018 ne wannan sahu ya yi ƙamari har gidajen talabijin na ƙasar suka riƙa zuwa ɗaukarsa. Kafin a kai ga neman mai laifi, bari in bayyana yadda wurin yake, saboda wanda bai san fasalinsa ba zai yi hukunci a kan rabin labari.

Musashi-Kosugi tana gundumar Nakahara ce a birnin Kawasaki, wanda ke maƙale tsakanin Tokiyo da Yokohama, kogin Tama ne kawai ya raba shi da Tokiyo. Sunan ɗaya ne, amma a zahiri tashoshi uku ne aka haɗa. Akwai ta kamfanin Tokyu da ke bisa gada, inda layin Toyoko da layin Meguro suke bi. Akwai ta layin Nambu na kamfanin JR, wanda ya tashi daga Kawasaki ya bi gefen kogi har Tachikawa. Ta uku ita ce dandamalin layin Yokosuka, shi ma na JR, wanda ba a buɗe shi ba sai a watan Maris na 2010, kuma yana can gefe, nisan ɗaruruwan mita daga sauran biyun. Kafin wannan shekara jiragen Yokosuka wucewa kawai suke yi ta unguwar ba sa tsayawa. Da aka gina musu dandamali, sai ya zama mutumin Kosugi zai iya isa tashar Shinagawa da ke cikin Tokiyo cikin kimanin minti goma, ya isa babbar tashar Tokiyo cikin kimanin minti ashirin, ga Shibuya ta layin Toyoko cikin kwata, ga Shinjuku, ga Yokohama, ga kuma filin jirgin sama na Narita ba tare da ya sauya jirgi ba. Unguwannin bayan gari da ke da irin wannan gata ba su da yawa a duk yankin.

Sahun da ka gani a sabuwar ƙofar kudu yake, wato ƙofar da ke kaiwa dandamalin Yokosuka. A lokacin dandamali ɗaya ne tak a tsakiyar layuka biyu, masu zuwa Tokiyo da masu zuwa Yokohama duk a kansa suke tsayawa, ga masu sauka, ga kuma waɗanda suka sauya daga Nambu da Toyoko suna kwararowa ta cikin doguwar hanyar da ta haɗa tashoshin. Idan dandamali ya cika, haɗari ne a bar wasu su hau, don haka jama'ar da ke waje sukan taru tun daga na'urorin karɓar kati har titi. Kafin annobar korona, kimanin mutum 130,000 ne ke shiga jirgi kullum ta ɓangaren JR kaɗai.

Dakta Garba

Injiniya, Allah ya saka da alheri, amma ka tsaya daidai inda maganar ta fara daɗi. Mutanen nan da suka cika ƙofar kudu ba daga sama suka faɗo ba, ko kuma in ce daga sama suka sauko, domin a dogayen benayen da suka kewaye tashar suke kwana. Wurin nan a da can unguwar masana'antu ce. Katafaren kantin Grand Tree da aka buɗe a 2014 yana kan filin wata masana'anta ce da ke ƙera injinan buga jarida, kuma haka akasarin manyan filayen da ke kewaye suke. Da masana'antu suka tashi, sai hukumar birnin Kawasaki ta sassauta ƙa'idar yawan ginin da za a iya ɗorawa a kan fili, bisa sharaɗin mai gini ya bar wa jama'a sarari da hanyar tafiya a ƙasa. Daga wajen 2008 benaye masu hawa arba'in da hamsin suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, akwai ma mai hawa 59, kuma kowane ɗaya yana ɗauke da gidaje ɗaruruwa, wato ƙauye guda a tsaye.

Abin da ya sa nake ɗora wa hukumar birni kaso mafi girma na alhakin shi ne, ita ce ta nemi a gina dandamalin Yokosuka, ita ta ɗauki mafi yawan kuɗin gininsa, ita ce kuma ta sa hannu a kan takardun izinin benayen. Ke nan babu wanda ya fi ta sanin adadin gidajen da ke tafe. Wanda ya san yawan baƙin da ya gayyata, shi ya kamata ya san girman ƙofar da zai yi musu. Kuma matsalar ba ta tsaya a tasha ba, domin makarantun firamare na unguwar sun cika har sai da aka buɗe sabuwa a 2019, iyaye kuma suka daɗe suna fama da neman gurbi a gidajen renon yara.

Malam Habu Rigasa

Na fahimci wannan, Dakta. To amma ni a tunanina na wanda ba masani ba, idan fasinja ya ƙaru ai jirgi ake ƙarawa, ko a ƙara tarago. Kamfani mai ƙarfi irin JR me ya hana shi yin haka tun farko?

Injiniya Bala

Malam Habu, wannan ita ce tambayar da mazauna Kosugi suka yi shekaru suna yi, kuma amsarta tana cikin tarihin layin dogon kansa. Hanyar da jiragen Yokosuka ke bi ta Kosugi asalinta ta jiragen kaya ce, ana ce mata Hinkaku, an shimfiɗa ta tsakanin Shinagawa da Tsurumi tun 1929. A 1980 ne aka karkato jiragen Yokosuka suka hau kanta domin a rage wa babban layin Tokaido nauyi. Layuka biyu ne kawai, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, amma yau jiragen Yokosuka suna kansu, jiragen Shonan-Shinjuku da aka fara a 2001 suna kansu, jirgin Narita Express yana kansu, jiragen da ke shigowa daga layin Sotetsu tun ƙarshen 2019 su ma suna bi ta nan. Kusa da Osaki kuma akwai wata mararraba da ake kira Hebikubo, inda jiragen da za su Shinjuku ke rabuwa da masu zuwa Shinagawa, kuma layukan suna gittawa ne a ƙasa ɗaya babu gada, don haka idan wani zai ƙetare dole wani ya dakata. Wannan mararraba ita ce ta ƙayyade yawan jiragen da za su iya wucewa cikin sa'a guda, komai kuɗin kamfani.

Maganar tarago kuwa, jirgin Yokosuka da safe tarago 15 yake ja, tsawonsa ya kai mita 300, biyu daga cikinsu masu bene ne na masu biyan ƙarin kuɗi don samun kujera. Babu inda za a ƙara. Layin Nambu shi ne akasin haka, tarago shida kacal yake ja, saboda an gina shi ne a 1927 domin kwasar tsakuwa daga kogin Tama, tashoshinsa gajeru ne, da yawansu kuma titin mota ya tokare su ta gaba ko ta baya. Kafin a tsawaita jirgi sai an tsawaita kowane dandamali daga Kawasaki har Tachikawa.

Domin ku ji girman abin, ma'aikatar sufuri ta Japan tana da ma'aunin cunkoso da take wallafawa duk shekara. Kashi 100 shi ne kowa ya samu kujera ko abin riƙewa. A yadda ake kwatanta shi a da, a kashi 180 mutum zai iya karanta jarida idan ya ninke ta. A kashi 200 jiki na matse jiki sosai. A shekarun da aka ɗauki bidiyon nan, cunkoson jiragen Yokosuka tsakanin Musashi-Kosugi da Nishi-Oi, tashar da ke biye da ita, ya kusa kashi 200, yana cikin mafiya muni a duk ƙasar. Na sha tsayawa a wurin da misalin takwas saura. Jirgi yakan iso a cike tun daga Yokohama, ƙofa ta buɗe, mutum uku ko huɗu su sauka, ashirin na jira. Wanda ke gaba sai ya juya baya, ya rungume jakarsa a ƙirji, ya ɗaga hannu ya dafa saman ƙofar, ya tura kansa ciki da baya sannu a hankali ba tare da ya kalli kowa ba, kuma babu mai ce masa uffan.

Maman Hanifa

Sallama ga malamai. Ni tasha ɗaya ce tsakanina da Kosugi a kan layin Toyoko, kuma kusan kullum sai na bi ta can, don haka ina so in ƙara wani abu da nake ganin an tsallake. Duk bayanin da aka yi ya shafi ɓangaren JR ne, alhali ɓangaren Tokyu, wanda shi ma jama'a ke cika shi maƙil, bai taɓa yin suna da irin wancan sahu ba. Dalili a ganina shi ne yadda aka zana shi. Dandamali biyu ne da layuka huɗu, kuma an jera su ne bisa alƙibla: duk jirgin da ya nufi Tokiyo, na Toyoko ne ko na Meguro, a dandamali ɗaya yake tsayawa, wannan ta dama wancan ta hagu. Wanda ya zo a jirgin Shibuya yana son na Meguro, taku biyar ko shida zai yi ya ƙetara, ba hawa ba sauka. Ni da nake tura keken yarinya na san darajar wannan fiye da kowa. An kuma sa shinge mai ƙofofi a bakin dandamalin, wanda ba ya buɗewa sai jirgi ya tsaya cak, don haka ko an cika hankalin uwa a kwance yake.

Sauyawa daga Toyoko zuwa Yokosuka kuwa wata tafiya ce mai zaman kanta. Sai ka sauko daga gada, ka fita ta ƙofar Tokyu, ka shiga ta JR, ka bi ta dandamalin Nambu har ƙarshensa, sannan ka shiga doguwar hanyar nan mai shimfiɗar da ke tafiya da kanta, ka sake hawa. Mai sauri ma yakan ci kusan minti goma.

Duk da haka, Dakta, ina roƙon a yi wa mazauna benayen adalci. Yawancin waɗanda nake haɗuwa da su a filin wasan yara, miji da mata duk suna aiki ne, sau da yawa ɗaya a Tokiyo ɗaya a Yokohama, kuma dole ɗayansu ya dawo kafin a rufe gidan reno da yamma. Ga irin wannan iyali, minti ashirin na matsi ya fi sa'a ɗaya da rabi a zaune, domin abin da suke saye da kuɗinsu shi ne lokacin da za su ga 'ya'yansu a farke.

Malam Isuhu Maraɗi

Maman Hanifa ta taɓo inda nake son zuwa. Na yi karatu a can, kuma ra'ayina ya saɓa da na Dakta Garba, tare da girmamawa. Tara mutane a bakin tasha ba kuskure ba ne da aka yi a Kosugi, shi ne ginshiƙin da biranen Japan suka tsaya a kai tun farkon ƙarni na 20. Kobayashi Ichizo na kamfanin Hankyu a Osaka shi ya fara: ka shimfiɗa layin dogo, ka sayar da filaye a gefensa, ka gina babban kanti a tashar ƙarshe, ka sa wurin shaƙatawa a ɗaya ƙarshen domin jirgi kada ya koma fanko. Goto Keita ya yi irin wannan da Tokyu, har kamfanin ya ba Jami'ar Keio fili a Hiyoshi, tasha biyu daga Kosugi, inda ta buɗe harabarta a 1934, saboda ɗalibai su cika jiragen da ke fita daga birni da safe lokacin da ma'aikata ke shiga. Wannan tsari ne ya sa yankin da ke da mutum sama da miliyan 30 yake motsi kowace safiya ba tare da ya zama dole sai kowa ya fito da mota ba.

Yanzu a ce hukumar Kawasaki ta hana benayen. Iyalan nan ba za su ɓace ba, za su je can nesa ne su sayi gida a ƙarshen layi, sannan su dawo su bi ta Kosugi ɗin a cikin jirgin da Injiniya ya ce yana isowa a cike. Kamfanoni a Japan galibi su ke biya wa ma'aikaci kuɗin katin jirginsa na wata-wata, don haka nisa ba ya cin aljihunsa, rayuwarsa yake ci. Ni a wurina tashar da ta cika har ta tumbatsa cikin shekara bakwai da buɗe ta, shaida ce cewa an gina ta a inda ake bukata. Tashar da ya kamata a yi kuka da ita ita ce wadda aka kashe kuɗi aka gina babu mai zuwa.

Dakta Garba

Malam Isuhu, misalin da ka kawo ni yake goya wa baya. Kobayashi da Goto hannu ɗaya ne ke riƙe da layin dogo da filaye, don haka wanda ya sayar da gida shi ne zai ji kunya idan jirgi ya gaza, shi ne kuma zai ci riba idan ya faɗaɗa shi. Shi ya sa Tokyu ta yi shekaru tana mayar da layinta huɗu a wannan yanki, ta kawo layin Meguro Kosugi a 2000, ta miƙa shi Hiyoshi a 2008, wato ta faɗaɗa hanya kafin benayen su gama tashi, kuma abin da Maman Hanifa ke yabawa ke nan. A ɓangaren Yokosuka kuwa hannaye uku ne. Kamfanonin gine-gine sun sayar da gidaje da tallar cewa minti kaza ne zuwa Shinagawa, sun karɓi kuɗinsu sun wuce wani aikin. Hukumar birni ta samu masu biyan haraji. Kamfanin jirgi ya gaji fasinjan da hanyarsa ba za ta iya ɗauka ba. Ban ce a hana gini a bakin tasha ba, cewa na yi a ɗaure izinin kowane bene da abin da tasha da makaranta da magudanar ruwa za su iya ɗauka.

Na ambaci magudanar ruwa da gangan. Ranar 12 ga Oktoba 2019 guguwar Hagibis ta sauka a yankin, kogin Tama ya cika, ruwansa ya komo da baya ta cikin magudanan da aka yi domin su zubar da ruwan unguwa a kogi. Titunan da ke kewaye da tashar suka cika da ruwa da laka, na'urorin ƙofar kudu suka lalace, wani bene mai hawa 47 kuma ruwa ya shiga ɗakin lantarkinsa da ke ƙarƙashin ƙasa, wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya, na'urar hawa bene ta tsaya, aka kwashe kwanaki masu yawa mutanen hawa na talatin da na arba'in suna bin matakala. Gidan tarihin birnin da ke Todoroki, a gundumar guda, shi ma ma'ajiyarsa ta ƙasa ta nutse da kayayyaki sama da 200,000. Sai a 2020 gwamnatin ƙasa ta fitar da jagora a kan kare kayan lantarkin gine-gine daga ambaliya. A wannan shekarar ce kuma birnin Kobe ya taƙaita gina dogayen benayen zama a tsakiyarsa, wanda ke nuna cewa ko a cikin Japan akwai hukumomin da suka kalli irin wannan bunƙasa suka ce a dakata.

Alhaji Tanimu

Ni ɗan kasuwa ne, ba zan shiga tsakanin malamai biyu ba, amma ina zuwa Japan sayen kayan gyaran mota kuma na sauka a tashar nan da jirgin Narita Express. Abin da zan shaida shi ne, baƙo mai akwati biyu zai sha mamakin nisan da ke tsakanin inda jirgi ya ajiye shi da inda zai hau na gaba, alhali allon tashar suna ɗaya ya rubuta. Wani abokin hulɗata ɗan ƙasar ya nuna mini cewa ƙofar kudun nan ta fi kusa da wata ƙaramar tasha ta layin Nambu mai suna Mukaigawara, har wasu ma'aikata kan sauka a can su tako da ƙafa. Abin da ya burge ni kuma shi ne, kana tsaye a dandamalin Yokosuka jirgin ƙasa mai tsananin gudu na Shinkansen mai zuwa Osaka zai wuce ta gefenka, domin layinsa na manne da wurin. Ina jin wannan ma yana cikin abin da ya hana a faɗaɗa wurin yadda ake so. Tambayata ga Injiniya ita ce, yau idan mutum ya je da safe, zai tarar da sahun nan ko an magance shi?

Injiniya Bala

Alhaji, hasashenka daidai ne, layin Shinkansen ya tokare gefe ɗaya, don haka duk faɗaɗawa sai ta ɗaya gefen. Sahun da ke cikin bidiyon Malam Habu yau babu shi a yadda yake, kuma an kai ga haka ne mataki-mataki. A 2018 an ƙara wata ƙofa ta shiga kawai domin safiya, aka kuma faɗaɗa wani sashe na dandamalin Nambu. A watan Disamba na 2022 aka buɗe sabon dandamali na jiragen da suka nufi Yokohama, tsohon kuma ya zama na masu zuwa Tokiyo kaɗai, wanda shi ne gyaran da ya fi kowanne tasiri. Bayan shekara guda, a Disamba 2023, aka buɗe wata sabuwar ƙofa ta wajen titin Tsunashima, wadda ta raba jama'ar da ke taruwa a ƙofar kudu. Korona ma ta yi nata aikin, domin tun 2020 ma'aikatan ofis da yawa ba sa fita kullum. A watan Maris na 2023 kuma JR ta fito da katin wata mai rahusa ga wanda ya yarda ba zai shiga tasha a lokacin tsananin cunkoson safe ba, a ranar da Tokyu ta buɗe hanyarta zuwa Shin-Yokohama.

Sai dai ina so Dakta da Malam Isuhu su lura da wani bambanci. Duk waɗannan gyare-gyare na tasha ne, wato sun sauƙaƙa tsayuwa da shiga da fita. Mararrabar Hebikubo tana nan yadda take, layukan biyu ne har yanzu, Nambu kuma tarago shida yake ja. Dandamali mai faɗi yana ba mutum wurin jira cikin aminci, amma ba ya ƙara ko kujera ɗaya a cikin jirgin da ke tafe.

Game da ambaliyar, Dakta, zan ɗan rage wa maganarka kaifi. Bene ɗaya ne ya yi wancan dogon zama babu wuta a cikin fiye da goma da ke unguwar, kuma ruwan ya fi yi wa ƙananan gidaje da shagunan da ke kusa da kogi ɓarna, waɗanda suna nan tun kafin a yi mafarkin benayen. Muhawarar da aka yi a Kawasaki bayan guguwar ta fi karkata ne ga ƙofofin magudanan da aka bari a buɗe lokacin da kogi ke hauhawa.

Malam Habu Rigasa

Na gode ƙwarai, na samu fiye da abin da na tambaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin Maman Hanifa na taku biyar tsakanin jirgi da jirgi. Mu nan tashar Idu a Abuja ita ce wurin da jirgin Kaduna ya haɗu da jirgin cikin birni, kuma damuwarmu kishiyar ta Kosugi ce, domin tashoshinmu suna nesa da inda mutane ke kwana da inda suke aiki, sai ka hau mota kafin ka hau jirgi, ka sauka ka sake neman mota. Shi ya sa na fi karkata ga Malam Isuhu, ko da yake hujjar Dakta ta hannaye uku ban ga wanda ya rushe ta ba tukuna.

Malam Isuhu Maraɗi

Ban yi niyyar rushe ta ba, Malam Habu, domin rabinta gaskiya ce. Na yarda cewa kamfanin da ya ci ribar kusanci da tasha ya kamata ya sa hannu a aljihu wajen faɗaɗa ta, kuma a karɓi wannan kuɗi tun ranar ba da izini. Inda ban bi Dakta ba shi ne batun a jira sai komai ya wadata kafin a yi gini. Babu kamfanin jirgin da zai kashe biliyoyin yen a kan dandamali na biyu saboda fasinjan da ke kan takarda, kuma babu majalisar birnin da za ta amince da kuɗin. Shekara 12 ne tsakanin dandamali na farko da na biyu, na kuma yarda sun yi yawa, amma da ba a gina na farkon ba har sai an samu kuɗin duka biyun, ina kyautata zaton da har yau jiragen Yokosuka wucewa suke yi. Kobe kuma da aka kawo misali, birni ne da jama'arsa ke raguwa, yana tsoron tsakiyar gari ta shanye mutanen unguwanninsa na waje. Kawasaki kuwa ta haura mutum miliyan ɗaya da rabi a 2017, har ta zarce Kobe a yawan jama'a bayan haka, don haka ciwonsu ba ɗaya ba ne.

Dakta Garba

To mun kusa haɗuwa, saura wuri ɗaya. Shekara 12 ɗin nan da ka ce sun yi yawa, wasu ne suka biya su da jikinsu kowace safiya, kuma ba mazauna benayen kaɗai ba. Mutumin da ke zaune a Musashi-Shinjo ko Noborito, wanda bai sayi gida a hawa na arba'in ba kuma darajar gidansa ba ta ninka ba, shi ne ke matse a tarago shida na Nambu domin ya zo Kosugi ya sauya jirgi. Injiniya, kai da kake bin wannan layi, ina so ka gaya mana ko akwai wani abin a zo a gani da aka yi wa su waɗannan, ban da faɗaɗa dandamalin da ka ambata.

Injiniya Bala

An yi wani abu, Dakta, amma bai kai girman matsalar ba. Daga 2014 an sauya jiragen Nambu da sababbi masu faɗin jiki, waɗanda kowane tarago nasu ke ɗaukar mutane fiye da na da, kuma da safe ana jera su kusa da kusa gwargwadon abin da layin zai iya. Jirage masu tsallake ƙananan tashoshi da aka dawo da su a 2011 da rana suke aiki, domin da safe babu sararin da mai sauri zai wuce mai tsayawa. Babban aikin da ake magana a kai shi ne ɗaga layin bisa gada daga Kosugi zuwa wajen Yako domin a kawar da mahaɗun titi da dogo, waɗanda da safe shingensu kan daɗe a rufe har masu keke da masu ƙafa su taru. Sashen da ke arewa da Kosugi, ta Musashi-Nakahara da Musashi-Shinjo, an riga an ɗaga shi tun 1990. Na kudun kuwa sai an sayi filaye daga hannun masu gidajen da ke manne da layin, gida bayan gida, kuma irin wannan ciniki a Japan yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin a kafa ginshiƙi na farko.